Mutum na Uku

Ɗorayi, Kano.

Zuwa ga Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uba ga ɗansa. Allah Ya sa takardar nan ta same ka da lafiyar jiki da kwanciyar rai, Ya sanya albarka a aikin koyarwar da ka samu a Fataskum, Ya kai ka lafiya, Ya haɗa ka da mutanen kirki a can.

Na san za ka yi mamakin samun wasiƙa daga mutumin da ƙofar ɗakinsa ke kallon taka. Ka dai san yadda muke. Kai ne na fari, kuma sunan mahaifina ke kanka, don haka tun tasowarka hirarmu ba ta cika wuce "An dawo?" da "E, Baba, an dawo" ba. Innarka ce ke ɗaukar magana daga wannan ɗaki ta kai wancan. A hanya takan rage mata zafi, wani lokaci ta rage har maganar ta ƙare kafin ta isa. Wannan kam ba na so a rage mini ita, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Shekaranjiya na buɗe aljihun gaban motar da na ba ka ina neman tabarauna, sai hannuna ya faɗa kan takardar inshorar da ka yanka. Ban ma buƙaci tabaran ba. Na gane ta kamar yadda ake gane tsohon abokin makaranta a kasuwa. Hatimin nan mai ruwan shuɗi da ke karkace, harafin tafuretar nan da ke tsalle sama da 'yan uwansa, sunan kamfani mai tsawo kamar kirarin ɗan dambe. A gindin darbejiyar da ke kallon ofishin lasin ka saye ta. Kada ka tambayi yadda na sani. Ni ma na taɓa zama a kan bencin, wataƙila ma shi ne dai ba a sake ba.

Na tuna abin da ka faɗa wa innarka ranar da muka ji a rediyo ana cewa za a tsananta hukunci a kan masu tuƙi ba inshora, da tara mai nauyi, da kotun tafi-da-gidanka a bakin titi, har da maganar ɗauri. Cewa ka yi, "Inna, yanzu fa sai mutum ya riƙe takarda, in ba haka ba ya kwana a hannu." Na ji daɗi a raina, na ce yaro ya yi hankali. Ashe hankalin nawa ka gada, wanda da na so ya tsaya a kaina.

Bari in ba ka labarin motar nan daga farko, tun da kai ka san ta ne da tsufanta.

A Bompai na fara aiki, ƙaramin akawu a wani kamfanin matsar gyaɗa, ina zuwa a kan keke. Kai ba ka ga Bompai ta lokacin ba. Tun daga Dakata kake jin ƙanshin ƙuli da man gyaɗa, manyan motoci sun yi layi, direbobi suna alwala a gindin taya, masu ƙosai da masu fura kowacce da kamfaninta, ba mai shiga gonar wata. In jiniya ta yi kuka ba ka jin komai sai ƙararrawar kekuna. Mutum ya bar aiki da safe, kafin la'asar ya samu wani a ƙofa ta gaba. Daga nan na koma masaƙa a Sharaɗa, aka ba ni sito. Lokacin Sharaɗa rabinta gonakin gero ne, sai ka ga sabon bututun hayaƙi a tsaye, ga jaki na kiwo a gindinsa. Calawa kuwa ba a ma fara cika ta da majemu ba, kogi ne kawai da masu wanki.

Sai aka yi ƙarin albashin nan mai ariyas, wanda aka haɗa wa ma'aikata har da na watannin baya. Garin nan ya haukace, haukan daɗi. Masinja ya sayi babur, maigadi ya sayi rediyo mai kaset, wani abokin aikinmu ya sayi firji alhali ba a kai wuta unguwarsu ba, ya riƙa ajiye takalma a ciki. Ni da nake ganin na fi su karatu, na yi musu dariya son raina, sannan na je na sayi tsohuwar mota mai siffar kunkuru a hannun wani Kwara ɗan kasuwa, irin Larabawan nan, da zai bar gari. Ma'aikatan masaƙa suka raɗa mata suna Sai-an-tura, sunan da ya bi ta har yau. Kowace safiya yaran Ɗorayi ne injinta na farko.

Wannan ba kuskure ba ne sosai, ko in kuskure ne to mai daɗi ne, ban yi nadamarsa ba. Na tuna ranar da na ɗauki innarka da kai zuwa gidan kakanninka, tana zaune a baya ta riƙe ƙofa da hannu biyu, tana karanta duk addu'ar da ta sani, har da ta shiga kasuwa. Kuskuren yana gindin darbejiya.

Na je yankan lasin, aka ce sai da inshora. Wani mai farar riga da biro uku a aljihu ya yafito ni. Kowa Alhaji yake ce masa, ban taɓa jin sunansa ba. Ya share mini benci da hularsa, ya ce, "Akawu, wacce kake so? Ta nunawa ko ta biya?"

Na ce, "Mene ne bambancin?"

Ya ce, "Ta biya sai ka hau bene, ka cika takardu, su leƙa motar, su tambaye ka har sunan kakarka. Kuɗinta kuma da ɗan ciwo. Ta nunawa kuwa kafin ka gama cin goron nan ta fito."

"Ɗan sanda yana karɓa?"

"Har ya sara maka."

Na ce a ba ni ta nunawa. Na fita ina jin ni ne mai wayon Kano.

Abba, ka san ɗakina. Ka san littattafan da innarka ke cewa gara ce kawai ke taya ni karanta su. Na karanta tarihin daulolin da suka shuɗe, na karanta labarin tafiye-tafiyen mutanen da ban san ƙasarsu ba, jarida kuwa har tallan maganin basir ba na bari. Amma takarda mai shafi ɗaya da na saya da kuɗina, ban karanta ta ba. Abu ɗaya idona ya kama a samanta, inda aka rubuta da Turanci cewa ta mutum na uku ce. A sito muka zauna muna fassara. Wani ya ce ai nufinsu kada ka ɗauki fiye da mutum uku. Ni kuwa, da yake ni ne malamin wurin, na gyara zama na ce, "Ba haka ba ne. Mutum na farko ni ne. Na biyu Alhajin gindin bishiya. Na uku ɗan sanda, don shi aka yi ta." Aka yi ta dariya, aka ce Akawu ya iya magana. Na daɗe ina ba da wannan barkwanci a wuraren ɗaurin aure.

To ga shawarata ta farko, kuma mai arha ce: duk takardar da za ka sa a aljihu, ka karanta ta har ƙasa, musamman wadda kake ganin ka fi ƙarfin karantawa. In kuma ka ga kana ba da amsa mutane suna dariya, ka koma ka duba ko amsar daidai ce. Sau da yawa dariyar ce ke hana ni komawa.

Sauran labarin ka san shi, amma ka san shi ne yadda ake ba da shi a zaure. Ranar damina ce, an ɗauke ruwa da rana, lokacin canjin aiki. Jiniya ta yi kuka, kekuna suka ɓarke daga ƙofar masaƙa kamar an kwance bakin buhu. Da safen nan na sa an wanke Sai-an-tura har tana ɗaukar ido. Hannuna ɗaya na kan sitiyari, ɗaya na waje ina amsa gaisuwa, ana "Akawu, sai mota," ina "Sai Allah." Sai ga kududdufi a tsakiyar hanya. Na kauce masa don kada ya ɓata mini mota, na hau mutum.

Baba Mamman ne, mai shayin da ke bakin mahaɗar Sharaɗa, wanda ke ƙara maka madara in ba na kallo. Lokacin ba mai shayi ba ne. Saurayi ne daga Tasawa ta Nijar, dogo, yana tsaye a kan injin saƙa, an ce duk sashensu ba mai saurin ɗaura zarensa. A zaure, inda ake dariya shi ne wurin da yake kwance cikin taɓo, ƙafa ta juya inda ƙafa ba ta juyawa, ya ɗago kai ya kira ni da "Malam" ɗinsu na Faransanci, ya ce, "Mushe, kekena fa? Na aro ne." Kai ma ka sha dariya a wurin. Ni ma nakan yi, don in ban yi ba sai a lura.

Ga abin da ba a kaiwa gare shi a zaure, don a nan shayi ke ƙarewa.

Ɗan sanda ya zo, ya karɓi takarduna, ya duba, ya miƙo mini. Bai sara ba, amma takardar ta wuce. Muka kai Mamman asibiti, daga baya 'yan garinsu suka ɗauke shi zuwa wurin mai ɗori. Wani ma'aikacin ofishinmu, wanda ya hau bene ya yanki tasa, ya ce mini, "Kwantar da hankalinka, ai don irin wannan aka yi inshora. Mutum na uku shi ne wanda ka buge. Su za su biya magani, in ya nakasa su ba shi diyya." Ranar na san ko wane ne mutum na uku. Ba ni ba ne, ba kamfani ba ne, ba ɗan sanda ba ne. Shi ne wanda bai sayi mota ba, bai sa hannu a komai ba, ba a tambaye shi ba, yana tafiyarsa gida kawai.

Na ɗauki takardar na bi adireshin da ke jikinta har wani lungu a Sabon Gari. Na hau bene. Tela na tarar, yana ɗinkin wando.

Ya ce, "Ɗinki ka kawo, Malam?"

Na nuna masa takardar. Ko tsayar da keken bai yi ba. Ya ce, "Ana yawan zuwa neman kamfanin nan. In ka same shi ka faɗa mini, ni ma in nemi aiki."

Na koma gindin darbejiya da fushina. Alhaji ya saurare ni har na gama, ya ɓare goro ya miƙo mini rabi.

"Akawu, na tambaye ka ko ban tambaye ka ba?"

"Ka tambaye ni."

"Wacce ka ce?"

"Ta nunawa."

"An nuna ta?"

"An nuna."

"An karɓa?"

"An karɓa."

"To ai ta yi aikinta. Allah Ya kiyaye gaba."

Har yau ban sami inda zan kama mutumin nan da ƙarya ba. A duk cinikin da na yi a rayuwata, shi ne ya fi kowa faɗa mini gaskiyar abin da yake sayarwa.

Daga nan na wuce ɗakin da 'yan Tasawa ke haya a cikin tsohon ƙauyen Sharaɗa. Mamman na kwance a tabarma, ƙafa cikin karan ɗori, ɗakin sai warin man shanu da hayaƙi. Na tsuguna na fara bayani. Na shirya jawabi mai kyau tun a hanya, da nahawunsa da komai. Babbansu, wani dattijo mai gadi a kamfanin alewa, ya ɗaga hannu ya ce, "Mushe, bar shi. Tsautsayi ne, rubutacce ne. Ba mu zo ƙasar nan don shari'a ba." Mamman ya juyo da kai ya ce, "Na yafe, Mushe. Duniya da lahira."

Abba, babban kuskurena shi ne abin da na ji a lokacin. Sanyi na ji. Wani nauyi ya sauka daga wuyana. Na fito ina cewa a raina, kai, mutanenmu akwai imani. Na dawo gida na ci tuwo har da ƙari. Na biya mai ɗori, na gyara keken aro, na riƙa aika ɗan abin miya, na ɗauka magana ta ƙare tun da mai ita ya ce ta ƙare. Ban tsaya na tambayi kaina ba, a cikin yafiyar nan nawa ne imani, nawa ne tsoron baƙo da ba ya son sunansa ya shiga littafin 'yan sanda, nawa ne kuma sanin cewa ko bai yafe ba akawun sito ba shi da abin ba shi. Imanin ya fi yawa, na tabbata, don na san mutumin yanzu. Amma ba ni ya kamata in ci ribarsa ba.

Ƙafar ta ɗoru a gajarce. Injin saƙa kuwa sai mai iya tsayuwa daga jiniya zuwa jiniya. Suka sallame shi cikin mutunci, wato da gaisuwa. Gonar da yake tara kuɗin saya a Tasawa, wani ne ya saya. Teburin shayin nan ni na haɗa masa, kuma na daɗe ina jin daɗin in an faɗa a gabana. Ka auna tebur da butoci biyu da ƙafar saurayi, ka ga wanda ya ci riba. Da na hau benen nan na gaskiya, na jure tambayar sunan kakata, da akwai waɗanda doka za ta kama su biya shi abin da ni ba zan taɓa iyawa ba.

A garin nan inshorarmu ta gaskiya ita ce "na yafe". Da ita muke tuƙi. Kowane direba ya san in ya buge talaka, za a taru, a yi salati, wani dattijo ya ce ƙaddara ce, a watse. Ba a sabunta ta, ba a biyan ko kwabo, kuma kullum wanda aka buge ne ke biya. Ka riƙe wannan: in mutum ya ce maka ya yafe, ya sauke maka abin da ke tsakaninka da Allah ne, in Allah Ya karɓa. Bai ce ƙafarsa ta miƙe ba. Daga ranar da aka yafe maka aikinka ke farawa.

Za ka gamu da masu ce maka inshora ba ta halatta ba, wai caca ce, wai rashin tawakkali ne. Ni ba malami ba ne, ka tambayi waɗanda suka sani, ka saurare su da ladabi. Abin da zan iya ba ka shaida a kai shi ne halina. Bayan abin da ya faru na koma yankar ta gaskiya, amma na lura duk shekara taƙawata takan motsa ne daidai watan da takardar za ta ƙare. Sauran watanni tana barci. Ka kula da irin wannan tsoron Allah mai zuwa tare da ranar biya. Kuma ko me malamai suka ce a kan ta gaskiya, ban taɓa jin wanda ya halatta takardar ƙarya mai sunan kamfanin da tela ke zaune a ciki ba.

Maganar tsananta hukunci kuwa, ina goyon baya, su ƙara ma. Sai dai na san garinmu. Ranar da aka sanar, na tabbata a gindin darbejiya an yi murna fiye da kan bene, don tsoro ya ƙaru, ciniki ya buɗe, an sake sabon hatimi. Hukunci yana koya wa mutum ya ji tsoron mai kaki. Ba ya koya masa ya ga mai keke. Kai ga shi tsoron ya kai ka har ofishin lasin, ya ajiye ka a wancan gefen titi. Taku kaɗan ya rage, shi ne nake so ka ƙarasa da ƙafarka. Hanyar Fataskum doguwa ce, akwai kasuwannin ƙauye a bakinta, da 'yan makaranta, da masu jakai, da mata masu tallan nono. Duk cikinsu ba wanda ya san ka, kuma kowannensu a shirye yake ya yafe maka. Abin da ke ba ni tsoro ke nan.

Sauran ƙananan abubuwa innarka ta riga ta faɗa maka sau goma. Ka duba ruwan batir. Giya ta biyu tana son lallashi. In ta ƙi tashi kada ka zage ta a gaban ɗalibanka, su za su tura. In an gaishe ka kana tuƙi, ka amsa da baki, hannu na sitiyari ne. In kuma ka ga kududdufi, ka shiga abinka. Mota ake wankewa.

Yanzu maganar makulli. Ka neme shi a ƙusar da ke bayan ƙofa ba ka gani ba, ka tambayi innarka ta ce ba ta sani ba, kuma gaskiya ta faɗa. Yana wurin Baba Mamman. Jiya na kai masa, na ce ya ajiye maka sai ka zo sallama ka nuna masa takardar inshora ta gaskiya, ta kan bene. Ya yi dariya har ya zubar da shayi. Ya ce, "Mushe, ni da ban san bihim ba, me zan gani a takarda? Ka bar yaro ya yi tafiyarsa, Allah ne mai tsarewa."

Na ce, "Ka dai riƙe."

Ya ce, "Na riƙe. Amma in ya zo ba shi zan yi."

Kuma zai ba ka. Na san shi. Ko ta gindin bishiya ka nuna masa, ko takardar awon hatsi, ko ka je hannu sake, zai tashi da ɗingishinsa ya ciro makullin daga gwangwanin sukari, ya haɗa maka shayi mai kauri, ya sa maka albarka, ya raka ka har bakin titi. Ba zai taɓa faɗa mini abin da ka nuna masa ba, ni kuma ba zan tambaya ba. Ba ɗan sanda a wurin, ba kotu, ba tara. Daga kai sai mutum na uku.

Allah Ya tsare ka a hanya, Ya tsare mutanen hanya daga gare ka. Allah Ya sa ka gama da motar nan ba wanda ya taɓa buƙatar ya yafe maka. Ya kai ka lafiya, Ya dawo mana da kai lafiya, Ya yi maka albarka. Innarka tana gaishe ka, ko da yake ita za ta miƙa maka takardar.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka.